BANGASKIYA DA WARKARWA: SHIN LITTAFI MAI TSARKI YANA DA BAKI BIYU NE?

Jawabin da aka gabatar a madadin Dattawan Ikkilisiya a sujadar godiya ta cikar shekara 50

Karatu: Yakubu 5:13-16 da 2 Korantiyawa 12:7-10

 

Da kwamitin biki ya ba mu wannan dama, waɗansu sun ba da shawara mu tsaya kan tarihin gini, wato yadda aka tashi daga rumfar kara aka zo ɗakin laka, daga nan aka zo inda muke yau. Wannan tarihi yana cikin waɗansu shafuffuka na wannan littafi, kuna iya karantawa a gida. Amma sa'ad da muka buɗe tsofaffin littattafan ikkilisiya domin shirin biki, sai muka tarar da guda biyu a akwati ɗaya, na baftisma da na jana'iza. Sunaye da yawa suna cikin duka biyun. Kusan kowane suna da ke cikin na biyu kuwa, mun san an yi masa addu'a a wannan ɗaki, waɗansu har da azumi, aka roƙi Allah ya tashe shi, bai kuwa tashi ba.

Wata uwa a cikinmu, ba za mu faɗi sunanta ba, ta rasa maigidanta bayan doguwar jinya. Ana zaman makoki sai wani ɗan'uwa, da kyakkyawar niyya a ganinsa, ya ce mata da bangaskiyarta ta kai, da maigida yana nan. Ta yi shekara biyu ba ta zo Jibin Ubangiji ba. Da muka je gidanta ta buɗe mana Littafi ta nuna aya, ta ce, "Baba, ga shi a rubuce. Ko dai ni ce na kashe shi da rashin bangaskiya, ko kuwa Littafin ne bai faɗi gaskiya ba. Wanne ne?" Ran nan ba mu ba ta amsar kirki ba. Bashin amsar ne muke so mu fara biya yau.

Bari mu fara da yarda cewa tambayarta tana da tushe. A Markus 11:24 Ubangiji ya koyar cewa abin da mutum ya roƙa yana gaskatawa zai samu. Yakubu ya umarci marar lafiya ya kira dattawa su shafa masa mai su yi addu'a, ya kuma tabbatar cewa addu'ar da aka yi da bangaskiya za ta tashe shi. Matar nan da ta yi shekara 12 tana zub da jini, da Bartimawas makahon Yariko, dukansu Yesu ya danganta warkewarsu da bangaskiyarsu. A Nazarat kuma Markus ya ce ayyukan al'ajabi kaɗan ne aka yi saboda mutanen garin ba su gaskata ba. Wanda ya karanta waɗannan kaɗai zai ce magana ta ƙare.

To, amma a juya shafi. Bulus, wanda a Afisa har ƙyallayen da suka taɓa jikinsa ake kai wa marasa lafiya suna warkewa, shi ne ya rubuta wa Timoti cewa ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya. Militas kuwa ba ta da nisa da Afisa. Me ya hana shi ɗora masa hannu su wuce tare? Shi ne kuma ya ba Timoti shawarar abin da zai riƙa sha saboda ciwon cikin da ke yawan damunsa. Abafaroditas ya yi ciwo har ya kusa mutuwa a hannunsa. Shi kansa Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, aka ba shi alheri, aka bar masa ƙayar. Annabi Elisha, wanda ta bakinsa Na'aman ya rabu da kuturta, ciwo ne ya kwantar da shi har ya mutu, kamar yadda 2 Sarakuna 13:14 ta nuna. Abin mamaki, a surar nan ɗin dai aka jefa gawar wani mutum a kabarinsa, ta taɓa ƙasusuwansa, mutumin ya tashi. Ikon yana nan har a ƙashi, amma mai ƙashin bai warke ba.

'Yan'uwa, wannan ba sabuwar matsala ba ce ga Kiristocin ƙasar Hausa. A kan ta aka kafa mu. A 1893 samari uku suka sauka Ikko da nufin kawo bishara ƙasashen nan namu, su ne Rowland Bingham, da Walter Gowans, da Thomas Kent. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida bayan zazzaɓi ya kusa kashe shi. A 1900 Bishop Tugwell ya iso Kano da ayarinsa, cikinsu har da Likita Walter Miller. Sarki Aliyu Babba bai yarda su zauna ba, suka juya, a Girku ɗin nan kuma ɗayansu, Dudley Ryder, ya kwanta ya rasu, ga likita a gefensa, ga bishop yana addu'a. Wa zai tashi a cikinmu ya ce waɗannan mutane bangaskiya ce ba su da ita? Mutumin da ya bar uwa da uba ya ƙetare teku, ya san kuwa zazzaɓi na jiransa?

Yawancinmu muna bi ta Ƙofar Nassarawa kusan kullum, ko za mu kasuwa ko wurin aiki, yanzu ma har gada aka yi a wurin. Wannan ƙofa ta ga abubuwa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, a wajenta suka kafa mazauninsu, a Nassarawa, a can ne kuma Hanns Vischer, wanda aka sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909. Gwamnatin Turawa ba ta bar 'yan mishan su yi aiki a cikin ganuwa ba. Abin da ya buɗe musu hanya daga baya shi ne jinya. A ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa wa mishan ɗin SIM kula da zangon kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda muka sani da Yadakunya, da Babbar Ruga, da Amanawa. A 1943 kuma Likita Hursh ya buɗe asibitin ido na Kano, wanda yake hannun ECWA. Iyayen waɗansunmu da ke zaune a nan a waɗannan wurare suka fara jin sunan Yesu, da bandeji a ido ko a ƙafa. Saboda haka in muna maganar bangaskiya da magani, tarihin gidanmu muke taɓawa.

To, yaya za a haɗa waɗannan ayoyi?

Abu na fari da muka lura shi ne, in aka jera dukan waɗanda Yesu ya warkar, ba za a sami ma'auni guda na bangaskiya da kowa ya cika ba. Shanyayyen da aka zuro ta rufin ɗaki, bangaskiyar abokansa huɗu Yesu ya duba. Bawan jarumin soja bai ma zo wurin ba. Mahaifin yaron nan mai farfaɗiya a Markus 9 ya faɗa da bakinsa cewa bangaskiyarsa haɗe take da shakka, aka kuwa warkar da ɗansa. Mutumin da ya yi shekara 38 a bakin tafkin Baitasda, da aka tambaye shi wa ya warkar da shi, bai ko san sunansa ba. Li'azaru kuma yana kabari kwana huɗu, wace bangaskiya gawa take da ita? A wancan tafki akwai taron makafi da guragu da shanyayyu, Yahaya ya ba da labarin mutum ɗaya tak. Yesu da kansa ya tuna wa mutanen Nazarat cewa kutare suna da yawa a Isra'ila a zamanin Elisha, baƙo ɗaya ne aka tsarkake. Wato bangaskiya ba kuɗi ba ce da ake ƙirgawa a kan tebur, in sun cika a miƙo kaya. Hannu ce da ake miƙawa, mai bayarwa kuwa yana da nasa nufi.

Maganar Nazarat ma a duba ta da kyau. Mutanen nan ba masu ƙaramar bangaskiya ba ne da suka zo suna rawar jiki. Raina shi suka yi, suka ce ai ɗan gidan wane ne, mun san 'yan'uwansa. Luka ya ce har sun so su jefa shi daga kan dutse. Akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya ƙi zuwa da wadda ta kwana a durƙushe a gefen gadon mijinta. Ɗaukar ayar Nazarat a ɗora wa wannan mata zalunci ne.

Sai babbar ayar, ta Markus 11. A nan muna roƙo ku ƙara buɗe shafi uku kawai. A sura ta 14 wanda ya yi wancan alkawari yana durƙushe a Getsamani yana roƙon Uba ya ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya kuma miƙa roƙon ƙarƙashin nufin Uban. Ba a ɗauke ƙoƙon ba. Idan akwai wanda bangaskiyarsa ta cika ba gibi, shi ne. Idan har addu'arsa ta bi ta ƙofar nufin Allah, tamu ba za ta haura katanga ba. Yahaya, wanda yana cikin lambun a daren nan, da ya tsufa ya rubuta a wasiƙarsa ta fari, 5:14, cewa gabagaɗinmu yana kan roƙon da ya dace da nufin Allah. Manzannin da suka ji alkawarin da kunnensu ba su fahimce shi kamar takardar banki da aka sa wa hannu aka bar wurin kuɗi fili ba. Da haka suka fahimta, da Tarofimas bai kwana a Militas ba.

Mun san waɗansu za su ce faɗin "in nufinka ne" hanyar gudu ce ta masu sanyin zuciya. Wani lokaci haka ne, za mu zo kan wannan. Amma kuturun da ya zo wurin Yesu a Markus 1 da irin wannan magana ya zo: bai yi shakkar ikon ba, ya bar zaɓin a hannun mai ikon. Ba a tsawata masa ba, an taɓa shi.

Yanzu maganar asibiti, wadda ta fi ci mana rai domin ta ci mana mutane. Ayar da ake yawan kawowa ita ce 2 Tarihi 16:12, inda aka zargi sarki Asa cewa da ƙafafunsa suka kamu bai nemi Ubangiji ba, sai masu magani. A karanta surar daga farko. Mutumin nan ya riga ya kwashe azurfa da zinariya na Haikali ya sayi taimakon sarkin Suriya, da annabi ya yi masa faɗa ya jefa shi kurkuku. Zuciyarsa ta riga ta juya tun kafin ƙafa ta kumbura. Laifinsa barin Allah ne, ba ganin mai magani ba. Ga Hezekiya kuwa, Allah ya ji kukansa ya ƙara masa shekara 15, amma annabi Ishaya ɗin da ya kawo saƙon shi ne ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun. Alkawari da magani a baki ɗaya suka fito. Basamariyen kirki mai da ruwan inabi ya zuba a rauni ya ɗaure. Wanda ya rubuta mana Bishara ta uku da Ayyukan Manzanni likita ne, Bulus kuma bai ce masa ya bar sana'ar ba. Mu Hausawa mukan ce, Allah ya ce tashi in taimake ka. Ba aya ba ce, kada wani ya je yana nemanta, amma ba ta yi faɗa da Littafi ba.

Ku dubi Yadakunya. A farkon zamanin nan abin da ake da shi allurar wani mai ne da ake samowa daga wani itacen ƙasar Indiya, mai zafi ƙwarai, amfaninsa kuwa kaɗan. Masu jinya suna addu'a safe da yamma, yatsu suna ci gaba da lalacewa. Wajen ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba da ƙwayar dapsone, aka fara sallamar mutane suna komawa garuruwansu. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, daga 1995 kuma aka riƙa ba da su kyauta, cikin wata 6 zuwa 12 mutum ya rabu da cutar. Shin waɗanda suka mutu da kuturta a 1940 sun fi na 1990 ƙarancin bangaskiya ne? Ko kuwa addu'ar da suka yi ce aka amsa wa jikokinsu ta hanyar ƙwaya? Mu dai na biyun muka gaskata. Haka makahon da aka jawo da sanda zuwa asibitin ido, aka cire masa yana, washegari aka buɗe bandeji ya ga fuskar jikansa. Ba mu taɓa jin wanda ya fito daga can ya ce ba zai gode wa Allah ba tun da wuƙar likita ce.

Duk da haka, a cikin shekarun nan mun binne wani ɗan'uwa mai hawan jini wanda ya je wata addu'ar dare, aka ce masa ya warke, shan magani kuma alamar shakka ce. Ya zubar da ƙwayoyinsa. Bai cika wata biyu ba ɓarin jikinsa ya shanye. Mun san ya daina sha, muka yi shiru don kada a ce dattawa suna kashe wa mutane bangaskiya. Wannan shirun laifinmu ne, muna kuma furta shi a gabanku. Yesu da ya warkar da kutare ya aike su wurin firist ya duba, domin a Isra'ila firist ne mai tabbatar da cewa cuta ta tafi. Warkarwar gaske ba ta tsoron awo. Wanda ya ji a jikinsa an taɓa shi, ya koma wurin likitansa a auna, in ya tabbata ya zo ya ba da shaida da takarda a hannu, mu kuwa za mu buga ganga.

Akwai kuma batun zunubi. Gaskiya ne Yesu ya gargaɗi mutumin Baitasda ya bar zunubi kada abin da ya fi wannan ya same shi, Bulus ma ya ce waɗansu a Koranti sun yi ciwo saboda wulakanta Jibin Ubangiji. Amma da almajirai suka tambaya laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, nasa ko na iyayensa, Yesu ya kawar da duka biyun. Abokan Ayuba sun yi surori da yawa suna neman laifin da ya jawo masa gyambo, a ƙarshe su Allah ya yi fushi da su. Marar lafiya yana iya binciken zuciyarsa. Mai zuwa gaisuwa ba aikinsa ba ne.

Ba za mu wuce ba tare da tuna watan Oktoba na 1991 ba, ko da yake tunawar ba daɗi. An shirya babban taron mai bishara Reinhard Bonnke a Kano, aka cika gari da takardun sanarwa, mutane da yawa suka sa rai za su kai makafinsu da guragunsu. Ran 14 ga wata rikici ya tashi, aka rasa rayuka masu yawa, Kirista da Musulmi, aka ƙone dukiya, taron bai yiwu ba. Ba yau ne ranar rarraba laifi ba. Abin da muke so a lura shi ne, bayan ƙura ta lafa, marasa lafiyan nan suna nan inda suke, waɗanda suka ci gaba da wanke musu miki kuwa su ne nas-nas da likitoci da matan zumunta masu kai kunu asibiti. Da sanƙarau ya auka wa Kano a 1996 bai tambayi addinin kowa ba, masu jinya ma ba su tambaya ba. Bonnke kansa ya rasu a 2019, kamar yadda Elisha ya rasu.

Kada dai wani ya fita daga nan ya ce dattawa sun ce a daina roƙon warkarwa. A nan ne ma yatsa ya juyo kanmu. Umarnin Yakubu yana nan daram, amma a shekara 50 sau nawa muka ɗauki kwalbar mai muka je gidan marar lafiya? Sau da yawa mukan ce "in nufinka ne" tun ba mu roƙi kome ba, don kada mu ji kunya in ba a amsa ba. Bulus sau uku ya roƙa kafin ya karɓi amsar. 'Ya'yanmu da suke guduwa zuwa wuraren da ake sayar musu da ruwa da mai, wani ɓangare na dalilin shi ne sun zo gida da ciwo ba su ga mun sa rai ba. Alhali kuwa mun gani da idonmu. Akwai yarinyar da likitoci suka ce iyayenta su shirya zuciya, Zumuntar Mata suka kwana uku suna karɓa-karɓa a bakin ɗakin, yau tana cikin mawaƙan da suka rera mana waƙar shiga, da goyonta.

Me ya sa ita ta tashi, mijin uwar nan bai tashi ba? A Ayyukan Manzanni 12 Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, ya kama Bitrus, mala'ika ya fito da Bitrus. Ikkilisiya ɗaya, gari ɗaya, sura ɗaya, Luka kuma bai ba da dalili ba. Ibraniyawa 11 ta jera waɗanda suka tsira daga bakin takobi da waɗanda takobi ya ci, ta ce dukansu ta wurin bangaskiya ne. Masana sun nuna mana cewa a harshen Helenanci kalma ɗaya ce ake fassarawa wani wuri ceto, wani wuri warkarwa. Kutare goma suka tsarkaka a Luka 17, amma wanda ya komo ya yi godiya shi kaɗai aka faɗa wa wannan kalma. Ishaya 53 da ake yawan ambata, Matiyu ya danganta ta da warkar da jiki, Bitrus ya danganta ta da gafarar zunubi, duka biyun kuwa gaskiya ne, sai dai ba rana ɗaya ake karɓar su cikakku ba. Li'azaru ya sāke mutuwa. Bartimawas ma idanun nan da aka buɗe an rufe su da ƙasa. Jikin da ba ya ciwo, Romawa 8 ta ce har yanzu jiransa muke yi.

Mama, kina nan zaune, kin kuma ba mu izini mu faɗi wannan. Ba ke kika kashe shi ba, Littafin kuma bai yi ƙarya ba. Mu ne muka karanta miki rabinsa. Muna neman gafararki a gaban jama'a.

Majalisar dattawa ta yanke cewa daga baikon godiya na yau za a ware kashi ɗaya domin sayen magani ga gwauraye da tsofaffin da ba su da hali, ma'aji zai riƙa karanta lissafinsa kowane wata uku. Bayan albarka, dattawa za su tsaya a ɗakin fasto da mai, duk mai son a yi masa addu'a ya zo, ko ya ba da sunan na gida mu je. A ƙarƙashin rumfar da ke waje kuma 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya sun kawo abin awon jini da na suga, kyauta ne. Abinci ba zai ƙare ba, Zumuntar Mata sun tabbatar mana, saboda haka a bi layi a hankali, a bar tsofaffi su fara.

Mu tashi tsaye, Baba Rabaran zai yi mana addu'a.